Kwamfutocin da suka mutu ne suka koya mana sana'ar

Shekarata ta farko ina koyar da darasin sarrafa bayanai a wata sakandare da ke Tudun Wadar Zariya, da alli na yi ta. Ba wai babu kwamfuta a makarantar ba. Akwai guda 12 a ɗakin ƙarshe, kowace an lulluɓe ta da yadi kamar amarya, makulli kuma yana aljihun wani babba. Sai za a yi baƙi ake buɗewa a share. Ni kuwa in zana akwati a allo, in ja kibiya, in rubuta sunan kowane ɓangare. Yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su zubo mini kayana ba ragi. A zatona aiki nake yi.

Jarrabawar JAMB ce ta tona mini asiri. Tun 2015 aka daina rubuta ta da fensir, kowa sai a gaban kwamfuta. Wata ɗalibata da ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba ta dawo ido ya yi ja. Ta ce, "Malam, kibiyar ce ta ƙi tsayawa. Da na taɓa abin sai ta gudu." Ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar. Abin takaicin, an tsara jarrabawar yadda maɓallai 8 sun isa: A, B, C, D na zaɓen amsa, sauran huɗun na gaba da baya da miƙa aiki da fasa miƙawa. Minti goma a gaban kibod ya isa ta gane wannan. Ban taɓa zaunar da ita ba.

Maganin bai zo mini daga littafi ba. Kwamfutata ta cinya ce ta ƙi tashi, na kai ta wani shago a Sabon Gari. Maigidan bai ko miƙe ba, ya kira wani yaro da bai kai ɗalibaina shekaru ba. Yaron ya kwance murfin, ya zaro ram, wato 'yar ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi, ya goge haƙoranta da magogin fensir, ya mayar. Ta kama. Na tambayi maigidan yadda ya yarda ya sakar wa ƙaramin yaro kayan mutane. Ya nuna mini tarin tsofaffin injuna a bayan ƙofa, ya ce, "Malam, ai ba a kan na mutane ya koya ba. Ga makarantarsa can."

Washegari na sami shugaban makaranta. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sababbin nake roƙo ba. Waɗanda suka mutu a sito nake so." Ya yi dariya ya ce gawa zan yi wa wanka ke nan. Amma ya ba ni makulli. Muka fito da guda 7.

Abu na farko da na lura shi ne tsoro ya fita daga hannun yara. A ɗakin amare, yaro yana taɓa maɓalli kamar zai taɓa wuta, don an ja masa kunne cewa wanda ya ɓata ubansa zai biya. Nan kuwa me za a ɓata? Aka rarraba sukundireba. Wanda ya zauna a Zariya ya san ƙurar hunturu, tun daga Nuwamba har Fabrairu ba ta barin ko cikin kwano. To haka muka tarar da ita ta dunƙule a fankar kowane inji kamar auduga. Fanka ta shaƙe, inji ya yi zafi, ya kashe kansa don kada ya ƙone, mai shi ya ce ya mutu. Guda ɗaya burushi da iska kawai ta nema. Wata kuma kullum sai ta manta kwanan wata ta tsaya tana ƙorafi; ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, ya ƙare. Ta uku da an kunna sai ta yi ta kuka, fuska baƙi ƙirin. Na ce musu kukan kurciya jawabi ne, su saurara su ƙirga. Aka zare ram aka goge aka mayar, kukan ya tsaya. Ihun da suka yi sai da ya fito da malamin aji na kusa.

Ni ma na sha kunya, kuma gara da na sha. Na taɓa cinye darasi guda ina kwance wani inji ina bayani da taƙama, sai wani yaro daga baya ya ce, "Malam, wayar rarraba wutar ce ba ta kawowa." Tun daga ranar muka kafa doka: kafin a taɓa sukundireba, a fara daga bango. Soket, waya, maɓalli, sannan ciki.

Kada a ce na tsani hadda. Tana da wurinta. Kebul ɗin da ke haɗa kwamfutoci yana da zare 8, kuma dole su shiga kansa bisa tsari: fari da ruwan goro, ruwan goro, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Yaran da suka tashi a makarantar allo suka ɗora wa jerin nan karin karatu, cikin kwana biyu ba mai kuskure. Bambancin shi ne wannan haddar, zaren yana tsakanin yatsunka lokacin da kake rera ta.

Manhajar karatun da aka fara aiki da ita a 2011 ta wajabta wa ɗan babbar sakandare ya ɗauki sana'a ɗaya daga cikin 34, kuma niyyar mai kyau ce. Sai dai kasuwa ba ta tambayar ma'anar kwamfuta. Ka je Samaru ko Kongo lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke kammala kundin bincike, ka ga abin da ake biya: jera shafuka, lambar shafi ta fara a inda ya kamata, tebur ya zauna daidai, firinta ta daina cin takarda. Shi na koma koya musu. Na ƙara da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don abin kunya ne a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 yaro ya buga katin biki ya rubuta kafa inda ake nufin ƙafa.

Ba kowa ya yi murna ba. Wani uba ya zo ya ce, "Malam, likita nake so ya zama, ba mai faci ba." Na ce, "Baba, ko likitan sai ya bi ta gaban kwamfuta kafin ya shiga jami'a." Bai gamsu sosai ba, amma bai cire yaron ba.

Akwai abin da ba ya cikin manhaja wanda maigidan Sabon Gari ya tunasar da ni sa'ad da na kai masa yara biyu su yi hutu a shagonsa. Kafin ya ba su ko burushi ya ce duk wanda ya buɗe hoton mai kaya ko saƙonsa, ranar zai bar shagon. Injin mutum ɗakin kwanansa ne, an ba ka ne ka gyara ƙofa. Yanzu da wannan nake buɗe zangon farko.

Guda huɗun da suka ƙi tashi suna nan har yau. Kowane sabon aji sai ya kwance su ya ɗaure, har kawunan kusoshin sun fara shafewa. A gwangwanin tumatir muke tara kusoshin, kuma kusan duk ƙarshen zango sai an sami guda ɗaya ta yi saura, a yi ta gardamar ko daga wane inji ta fito.