Fas, kwana na shida da jaka a baya

Alhamis, sha ɗaya saura na dare. Ina kan gadon sama na ƙudundune da bargo biyu, ko jaket ɗina ban cire ba, yatsuna sun ƙage da ƙyar nake danna wayar nan, ga Bajamushen da ke gadon ƙasa sai minshari yake kamar ana tada janareta. Amma in ban rubuta yanzu ba gobe rabi ya zube.

Saura kwana tara mu fara rajistar makaranta a Ifrane, wani gari a nan Maroko. Da na ce zan taho da wuri in ɗan zaga ƙasar kafin karatu ya kankama, Abba cewa yayi wai yawon me zan yi a ƙasar da ban san kowa ba, ba gara in zauna in ci tuwon gida na ƙarshe ba. Da ƙyar Umma ta shawo min kansa. Babban akwatina na bar shi a Rabat wajen wani ɗan garinmu da ke karatu a can, na ɗauki jakar goyo kawai, kilo sha biyu, na hau jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya Al Boraq zuwa Tanja, daga nan Shafshawan garin da suka shafe komai da shuɗi, jiya kuma bas ta kwaso mu wajen awa huɗu da wani abu zuwa Fas. Dare yayi sosai shi yasa na kwana a wani ɗan otal kusa da tasha, na ce da safe na nemi masaukin da na kama ta intanet a cikin tsohon gari. Na ɗauka abu ne na minti ashirin. Hmm.

Wani abu da har yau ban saba da shi ba, agogonsu ɗaya da namu na Kano amma asuba sai wajen bakwai, rana kuwa sai takwas ta wuce take leƙowa. Ƙarfe takwas ina tsaye a titi gari dishi-dishi, bakina yana hayaƙi, sanyin Janairu na nan ya sa na raina hunturunmu gaba ɗaya. Kuma wai Ifrane ɗin da zan zauna ta fi nan nesa ba kusa ba, har ƙanƙara ke zuba. Allah dai ya sa in ga ƙarshen zangon nan da kunnuwana.

Na tari ɗan ƙaramin tasi, nasu na Fas duk jajaye ne, ya sauke ni a Bab Bujlud ya ce iyakar mota kenan. Ƙofar ta burge ni, ta waje shuɗiya ta ciki koriya, na zaci tun zamanin da ce ashe a 1913 aka gina ta, jaririya ce in an gwada da ganuwar da take jiki. Nan gefe na zauna na sha bisara, wake ne aka niƙa yayi kauri kamar kunu aka tsiyaya man zaitun aka barbaɗa yaji, da burodi zagayayye mai zafi da shayin na'ana'a wanda sukarinsa zai ishi mutum uku. Mai shagon ya min magana da Faransanci, na mayar masa da Larabcin islamiyya tiryan-tiryan har da i'irabi, sai ya fashe da dariya ya kira abokinsa ya zo ya ji. Ba da raini ba, wai ina magana kamar mai karanta labarai a talabijin. Nasu Larabcin darija kuwa wallahi hadiye wasula suke yi, a kwana shida abun da na tsinta bai wuce labas da bishhal da bizzaf ba, wato lafiya, nawa ne, yayi yawa. Ukun nan su ke riƙe da ni.

Daga nan na gangara Tala'a Kabira, babbar hanyar da ta ratsa tsohon garin, kuma in na ce babba kar ka ɗauka wani titi ne, wani wajen mutum uku ba za su jera ba. Ba mota ba adaidaita, jaki da alfadari ke dakon komai, daga tulun gas har buhun siminti, sai dai kaji balak balak a bayanka ka manne da bango. To ni da tulin jaka a gadon baya mannewar ba ta yiwuwa, sau biyu kayan alfadari suna maƙale min igiya, na biyun har sai da ya ja ni taku uku mai shi yana ta faɗa ni kuma ina ta bada haƙuri da Hausa ban ma sani ba.

Ni da na tashi cikin birni ina tinƙaho ba lungun da zai ruɗa ni, yau an karya min alkadari. Ana cewa lungunan Fas sun haura dubu tara, ban ƙirga ba amma na yarda. Google Maps ta zama mahaukaciya, ɗigon nan sai ya nuna ina kan rufin wani gida, in juya ya yi tsalle ya koma wata unguwa. Duk wanda ya ce matambayi baya ɓata bai zo Fas ba, mutum biyar na nuna wa adireshin masaukin, biyar ɗin kowa da inda ya nuna. Ana cikin haka wani saurayi ya liƙe min, Sinigal? Mali? Na ce Najeriya, ya hau lissafo min ƴan ƙwallo, sannan ya ce ai hanyar da nake bi a rufe take in biyo shi. An gargaɗe ni kan wannan dabarar tun a Shafshawan amma kafaɗuna sun fara raɗaɗi, na bi shi. Bai kai ni masauki ba, shagon fata ya kai ni, ya kuma tsaya sai na sallame shi da dirhami ashirin. Na ji haushi a lokacin, yanzu kuwa ina ganin da sauƙi na sha, dan ta saman shagon ne ake hango majemar Shuwara.

A bakin bene suna miƙa wa kowa reshen na'ana'a ya toshe hanci. Turawan da ke gabana har da masu yunƙurin amai. Ni ina shaƙar warin nan sai naji ƙirjina yayi wani iri, dan warin majemar Ƙofar Wambai ne sak, ba ragi. Marigayi kakana na wajen uwa fata yake saye yana kai wa dukawa, ina ɗan shekara bakwai takwas yakan ɗora ni a bayan kekensa mu je, in dawo Umma ta ce kar in shigar mata ɗaki sai na yi wanka. Na mayar wa yaron da na'ana'arsa. Daga sama ramukan kamar an jera kwanonin fenti, farare a gefe guda inda ake jiƙa fata da farar ƙasa da kashin tantabara dan gashi ya saki fatar ta yi laushi, sai na rini ja da ruwan ɗorawa da ƙasa-ƙasa, maza cikin ruwa har cinya cikin wannan sanyin suna tattakawa, wasu suna shanya a kan rufi. Na fi rabin awa a jingine ina kallon wani dattijo yana karce fata da wuƙa mai mariƙi biyu, yadda yake sunkuyawa yana turawa kamar na san shi. Mu da bagaruwa muke jima, kuma na tuna kakan nawa yana yawan cewa fatar da Turawa suke kira ta Maroko da yawanta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce, ayarin raƙuma suka tsallaka Sahara da ita, sunan kawai ya bi wanda ya sayar musu. Da ina ɗauka cika bakin tsofaffi ne sai da na girma na karanta na ga haka ɗin ne. Na gwada faɗa wa mai shagon da guntun Larabcina, ya gyaɗa kai ya ce to tunda fatarku ce sai ka saya da daraja. Ɗan kasuwa dai ko ina ɗan kasuwa ne. Balga na saya wa Abba, takalmin nan ruwan ƙwai mara dunduniya, ya ce ɗari uku, na ce bizzaf na juya kamar a Kwari, muka daidaita a ɗari da ashirin. Ƙarin kaya a jakar da dama ta ishe ni.

Na wuce ta Saffarin inda maƙeran tagulla ke ta ƙwanƙwasa tukwane kunne kamar zai fashe, sai ga ni a ƙofar masallacin Ƙarawiyyin ana kiran azahar. A Maroko wanda ba Musulmi ba baya shiga galibin masallatai, sai ka ga Turawa sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna leƙe da kyamara. Mai gadi ya kalli jakata ya kalle ni, da gani ya sa ni a layinsu, sai da na yi masa cikakkiyar sallama ya matsa. Wata mata ce Faɗimatul Fihriyya ta gina shi a 859 da dukiyar gadonta, danginta daga Ƙairawan ta Tunisiya suka zo shi yasa sunan. Ruwan alwala kamar daga firiza. Bayan sallah na jawo wani Alƙur'ani daga kanta sai naga rubutun allonmu, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga wani tsoho a gefe yana tilawa da Warshu irin jan da malaminmu na makarantar allo yake yi. Kuma mai Ajuruma ɗin nan da aka zane ni a kanta ba sau ɗaya ba, ɗan garin nan ne, a nan aka binne shi. Na zauna na miƙe ƙafa jakata ta zama matashi, saura kaɗan barci ya sace ni.

Amma babban aiken da aka ɗora min bai cika ba. Ni ban karɓi ɗariƙa ba, Hajiya Kaka kuwa tun ina Kano take nanata min, maigidana in ka je ƙasar nan baka ziyarci Shehu ka kai gaisuwata ba to ka nemi wata matar. Wannan karon ban tambayi kowa hanya ba, wasu Sinigalawa na hango da manyan riguna da carbi har gwiwa na bi bayansu tiƙis-tiƙis, suka kai ni har ƙofar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. A nan ya rasu a 1815 kuma a ciki kabarinsa yake. Ƙofar an yi mata ado da sassaƙa da ƙananan tayil, cikin kuma tsit sai gunjin zikiri ƙasa-ƙasa, kuma tun da na sauka ƙasar nan ban ga baƙaƙen fata da yawa waje ɗaya kamar nan ba. Na yi sallama, na isar da saƙon Kaka yadda ta faɗa, na yi mata addu'a da kakana.

Ina ƙoƙarin cusa takalmi a aljihun jaka zip ya ƙi, na yi tsaki na ce kai wannan jaka ta isheni, sai naji daga bayana an ce, to wa ya aike ka ɗauko ta samari? Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wani dattijo ne da rawani da bargo a kafaɗa, mutumin Maraɗi. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce lahiya lau, ɗan Kano ne ko, ai daga tsakin na gane. Zuwansa na uku kenan. Ya tambayi abun da ya kawo ni, na ce karatu Baba, amma yanzu ɗan zaga gari nake. Ya kalli jakar ya ce to kai da kaya haka kamar mai ƙaura, mu da muke tahiya da buta da bargo me za mu ce. Ya riƙe ni sai da aka yi la'asar aka shimfiɗa farin ƙyalle aka yi wazifa, ina gefe ina jin Salatul Fatihi da muryoyin Wolof da Larabawa da Hausawa a cakuɗe, ashe na haddace ta tsaf daga bakin Kaka ban taɓa lura ba.

Da muka fito na kira ta bidiyo, ƙanwata ta riƙe mata wayar. Na juya kyamara ta ga ƙofar, tayi shiru, sai naga tana share ido da bakin mayafi. Baba ya karɓi wayar suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna, yana ce mata Hajiya jikanki ya iso, ya cika aike. Ita kuma da ta dawo kaina abun da ta fara tambaya wai na ci abinci kuwa, na rame.

Shi ne ya sa wani yaro mai yi musu hidima ya duba adireshin nawa. Yaron ya yi dariya ya karɓi jakar ya saɓa, muka sha kwana uku huɗu a lungu sai ga ƙofar, ƙarama ce ba ko allo a jiki, kuma na rantse na wuce ta gabanta sau biyu da safe. Na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce ni baƙon zawiya ne.

Magariba a masallacin unguwa na yi, bayan sallama suka zauna da'ira suna karanta hizbi baki ɗaya da murya ɗaya, na bi su har inda haddata ta tsaya. Na sha harira, wata miyarsu mai ruwa-ruwa, kwano biyu da dabino a bakin hanya. Kafaɗata ta dama ta saɓule inda igiya ta ci, na shafa man zafi. Baba ya ce lallai gobe in zo mu ci kuskus ɗin Juma'a a masaukinsu sannan a yi zikiri bayan la'asar, ni kuma na riga na sa Meknes a lissafin gobe, tikitin jirgin ma na duba. Ina ga Meknes za ta jira Asabar. Batir saura shida, cajar tana can ƙasan jaka ƙarƙashin takalmin Abba kuma ba zan sauka a wannan sanyin ba.