Rabon kara a ajin CM1

Duk wanda ya koyar da lissafi a CM1, wato aji na biyar na firamare, ya san wannan amsar: ka tambayi yaro wanne ya fi girma tsakanin 1/3 da 1/5, ya ce 1/5, domin biyar ta fi uku. Tun daga CI, ajin farko, muke cusa masa cewa biyar ta fi uku, ranar da aka zo firaksiyon, wato lissafin rabi, sulusi, rubu'i da sauransu, kuma sai mu ce ya juya. Bayani a bakin allo ba ya cire wannan tunanin. A lakwal ɗin da nake koyarwa a nan Tahoua, karan hatsi ne ya cire shi.

Bayan girbi kara ba ya wuya. Nakan yanka shi tsawo ɗaya, in raba yara rukuni-rukuni, amma da gangan ba na daidaita yawansu: nan mutum biyu, can uku, can huɗu, can biyar. Kowane rukuni kara ɗaya, su raba daidai. Kafin in ce komai, ƴan rukunin biyar sun fara ƙorafi: "Mushe, an cuce mu, namu ƙanana ne." A kan wannan ƙorafin nake gina sauran darasin. Sai a jera guntayen a kan tebur daga babba zuwa ƙarami, a rubuta 1/2, 1/3, 1/4, 1/5 a ƙarƙashinsu. Yaron da ya ji zafin zama cikin mutum biyar ba ya mantawa cewa lambar ƙasa yawan masu rabo ce, kuma idan sun yi yawa rabon kowa raguwa yake.

Na daina amfani da zagayayyen hoton nan na gato, wato kek, da littattafai ke so. Raba da'ira gida uku daidai aiki ne ko ga babba. Kara, ko zare, ko tsagin takardar buhun siminti, ana ninka su ko a gwada su kusa da juna, gardama ta ƙare nan take. Ita gardamar ina son ta. Idan wani ya karya kara ya ce "ga babban rabi, ga ƙaramin rabi", ba na tsoma baki, abokansa ne za su hana shi sakat har ya yarda cewa rabi biyu dole su zama daidai. Da Hausa suke wannan musun, wani lokaci har da Tamajak, kuma ina barin su. Faransanci yana zuwa daga baya, lokacin rubutu. Tun 1973 ƙasar nan ta Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida, kuma wanda ya saurari rukunin yara suna rabo zai gane dalili.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne tambayar "rabin me?". Yara da yawa suna ɗaukar rabi kamar wani girma ne tsayayye. Sai na kawo tiya da ƙaramin kwano, aka cika kowanne rabi da yashi, aka zube a ƙasa. Tuli biyu, ɗaya ya fi ɗaya, kuma dukansu rabi ne. A nan ƴan matan da ke talla bayan an tashi suka yi wa ajin fintinkau. Wadda ke sayar da gyaɗa ko cuku ta san rabin dala ashirin dala goma ne, rubu'inta dala biyar, rabin jika kuwa dala ɗari. Ba ta taɓa rubuta 1/4 ba, amma ba wanda zai zambace ta a canji. Ni dai in nuna mata cewa abin da ke kan allo shi ne wanda take yi kullum a bakin kasuwa.

Da tiyar nan kuma muke maganin kuskuren tarawa. Yaro zai rubuta 1/2 + 1/4 = 2/6, ya haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa. Sai rukuninsa su zuba rabin tiya, su ƙara rubu'i, su ga ta kusa cika. To 2/6 sulusi ne, bai ko kai rabin da aka fara da shi ba. Ta yaya za a ƙara abu ya ragu?

Ga masu ƙwazo ina ba da tsakuwa 24. Ba haka kawai na zaɓi wannan adadin ba, malaman rabon gado ma suna aiki da shi, saboda yana rabuwa gida 2, 3, 4, 6 da 8 ba saura. Rabi 12, sulusi 8, rubu'i 6, sudusi 4, sumuni 3. Yaran da ke zuwa makarantar allo sun taɓa jin cewa mace na samun sumuni idan mijinta ya bar ƴaƴa, rubu'i idan bai bari ba. Da tsakuwa a hannu suke gano cewa rubu'i ninkin sumuni ne.

Aikin rukuni yana da nasa ciwon kai. A aji mai cunkoso, babban yaro ɗaya zai ƙwace karan ya yi komai, saura su zama ƴan kallo. Don haka mai karyawa ba shi ke zaɓar guntunsa da farko ba, kuma wanda zai tashi ya yi bayani ni ke nuna shi, yawanci wanda ya fi yin shiru. Sannan wasa da kara shi kaɗai ba ya kai yaro ga jarrabawa. Idan ba a koma ardwazi, wato ƙaramin allon rubutu, a wannan zaman ba, washegari zai tuna hayaniyar ya manta lambar. Minti goma na ƙarshe kowa shi kaɗai yake: ya zana karansa, ya rubuta kashinsa, ya ɗaga in gani. Wanda har yanzu ya sa 1/5 sama da 1/3, gobe yana cikin rukunin mutum biyar.