Tsohuwar Ford ta 1930 da ke garejin gidana

Ranar da aka sauke ta daga bayan tirela a ƙofar gidana a Kolombos, jihar Ohayo, babu inji a cikinta, babu kujera, ƙasan bodin kuma tsatsa ta cinye shi har kana hango siminti ta ciki. Ɓeraye sun yi sheƙa a bayan tankin mai. Uwargida ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Maigida, kana ganin wannan za ta sake taka titi?" Na ce mata in Allah ya yarda. Shekara uku ke nan da wannan maganar, kuma a makon jiya ne injinta ya fara tashi.

Ford Model A ce ta 1930, ƙarama mai ɗaukar mutum biyu, mai tagogi biyar. Kamfanin ya ƙera irinta daga ƙarshen 1927 zuwa 1931, sama da miliyan huɗu, shi ya sa har yau ake tsintar ragowarsu a rumbunan manoma. Injinta na asali mai silinda huɗu ne, ƙarfin doki 40. Ni ba mayar da ita yadda ta fito daga kamfani nake so ba. Abin da Amurkawa ke kira hot rod nake haɗawa: ka sami tsohon bodi marar nauyi, ka cire duk abin da ba dole ba, ka dasa masa injin da ya fi ƙarfinsa.

A garejin Kawuna na tashi, a Kaduna, lokacin da Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kakuri ta cika gari. Ina ɗan shekara goma sha biyu nake wanke kafireta da fetur a cikin kwano, ana aika ni Panteka neman abin da babu shi a shago. A nan Amurka ma aikin mota nake yi, amma na zamani: ka jona kwamfuta, ta faɗa maka abin da ya lalace, ka cire ka sa sabo. Yana ciyar da iyali, alhamdu lillahi. Sai dai kunnena da yatsuna sun daɗe ba su yi aikin da Kawu ya koya musu ba, kuma wannan kewar ce ta kai ni ga sayen motar da ta girmi mahaifina.

Da na fara bin tarihin abin, sai na ga ashe sana'ar gida ce. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka faro shi a shekarun 1930, yaran da ba su da kuɗin sabuwar mota. Su je bolar motoci su sayo tsohuwar Ford, su ciro inji daga wata, giya daga wata, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojabe irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. A 1937 suka kafa ƙungiyar da ke auna musu gudun, a 1949 kuma aka fara taron gudu na shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville a jihar Yuta. Duk wanda ya taɓa ganin makanikin Kaduna ya sassaƙa kayan wata mota ya sa wa wata har ta tashi, ya san wannan ilimin. Bambancin kawai, a nan ana yi masa taro ana ba da kofi, a can kuwa sai a ce wai dabarar talaka ce. Wannan rainin yana ci mini rai har yanzu.

Na ɗauka da inji zan fara. Maƙwabcina ne ya hana ni, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin walda, wanda tun ranar farko yake tsallako titi da kofin gahawarsa. Ya ce in fara da abin da zai tsayar da motar kafin abin da zai tura ta. Birkin Model A ba na mai ba ne, sandunan ƙarfe ne ke jan sa daga ƙafarka zuwa tayoyi huɗu, kuma Ford ba ta koma birkin mai ba sai 1939. Saboda haka na bi hanyar da magabata suka bi, na samo birkin Ford na 1940 na ɗaura gaba da baya. Shasin ma haka. Ƙarfensa a buɗe yake ta ciki, an yi shi ne don doki 40, idan ka ɗora masa fiye da ninki biyu sai ya riƙa murɗewa. Muka yanka faranti muka rufe shi. Dattijon ya koya mini yin waldar kaɗan-kaɗan, inci biyu a nan, ka tsallaka ɗaya ɓangaren ka yi inci biyu, ka bari ya huce, don kada zafi ya karkatar da ƙarfen. Damina guda da hunturu guda suka tafi a kan wannan, ba abin da mai wucewa zai gani ya yaba.

Injin da na zaɓa shi ne V8 na Ford mai shafaffen kai. A 1932 ya fara fitowa da ƙarfin doki 65, aka ci gaba da yin sa a Amurka har 1953. Nawa na ƙarshen zamanin ne, wanda ake kira 8BA, mai doki 100. Bawul ɗinsa a jikin bulok suke, gefen fistin, shi ya sa murfin kansa ba komai ba ne illa faffaɗan ƙarfe da ramukan fulogi da hanyar ruwa. Mutane da yawa sun ce in sa injin Chevrolet 350 in huta: ya fi araha, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kayansa na kowane shago. Gaskiya suka faɗa. Amma ni ba tsere zan je ba, kuma ina son in buɗe bonet in ga abin da yaron 1950 zai gani.

Wannan injin yana da ciwo guda da kowa ya sani. Hayaƙinsa ta cikin bulok yake bi kafin ya fita, yana ratsa wurin da ruwa ke zagayawa, silinda biyu na tsakiya ma ƙofa ɗaya suke rabawa, shi ya sa za ka ga bututun salansa uku a kowane gefe maimakon huɗu. Zafi ke nan, har famfon ruwa biyu aka yi masa. Wanda ya sha zafi da yawa a rayuwarsa yakan tsage tsakanin mazaunin bawul da bakin silinda.

Na san duk wannan, amma na sayi na farko ba tare da an buɗe mini kansa ba. A wata kasuwar tsofaffin kayan mota na gan shi, mai shi ya ce yana aiki lokacin da aka cire shi, na sa sifana na juya shi ya juya sumul, farin ciki ya rufe mini ido. Na kawo shi gida na kwance, na kai bulok ɗin wurin masu gyaran inji. Sun wanke shi, suka kafa masa maganaɗisu, suka barbaɗa garin ƙarfe a kai. Ina tsaye ina kallo garin ya taru ya ja layi siriri kamar gashi, daga bawul ya gangara cikin silinda. Ba ɗaya ba, har uku. Idona bai ga komai a wurin ba minti biyar kafin nan. Na koma mota na zauna na daɗe ban tayar ba. Kuɗin da na tara na wata da watanni ne, kuma Kawu ya sha faɗa mini tun ina yaro cewa ba a cinikin biri a sama. Na biyu sai da aka gwada shi a gabana kafin na ba da ko sisi.

Akwai wata sifana mai lamba 13 da Kawu ya ba ni ranar da zan baro gida, duk ta goge don riƙo. A jikin 504 babu inda ba ta shiga. Na so ƙwarai in ɗaura wani abu da ita a wannan motar, amma notin Ford na inci ne, rabin inci kuma ya gaza milimita 13 da ɗan kaɗan. Tana kamawa, sai ka matsa ta zame ta cinye kusurwar notin. Na rataye ta a bango saman teburin aiki, na sayi na inci.

Kafireta biyu na ɗora, Stromberg 97, na wanke su da hannuna kamar yadda na saba. Giya ta 1939 ce mai hawa uku. Wutar motar ta asali bolt shida ce, kuma waya mai alamar tarawa ce ke zuwa jikin bodi, akasin abin da muka sani. Na mayar da ita 12 don fitila ta yi haske da dare. Madigadi na cire su duka huɗu. Rufin ne na ƙi taɓawa. Yawancin masu wannan harka suna yanke ginshiƙan su sauke rufin inci uku ko huɗu don motar ta yi ƙasa, kuma ba na musun tana kyau. Na ja layin da alli, na ɗauko zarto, na tsaya. Ƙarfen nan ya haura shekara casa'in bai gamu da mai yanka shi ba, kuma ina so in zauna a ciki da hulata ba tare da na sunkuya ba. Na goge allin.

Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar Azahar, na zuba baƙin mai, na cika lagireto, na ɗiga fetur a bakin kowace kafireta. Ɗana na riƙe da abin kashe gobara, dattijo na tsaye bakin ƙofa. Na kira Kawu ta WhatsApp, a can dare ya fara yi. Idonsa ya yi rauni yanzu, ya daina zuwa gareji. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ga ta nan za mu gwada." Ya ce, "Bismillah, ɗana, kusanto da wayar."

Karo na farko ta yi tari ta mutu. Na biyu ta yi atishawa ta kafireta har ɗana ya ja da baya. Na uku ta kama, garejin ya cika da hayaƙi da wata ƙara mai kauri da ban taɓa jin irinta a jikin wata mota ba. Ina ta murna, sai na ji muryarsa a waya yana cewa in yi shiru. Ya saurara kamar rabin minti. Ya ce, "Wutarka ta yi baya. Sassauta dastabuta ka juya kaɗan. Kaɗan na ce." Mutumin da bai taɓa ganin V8 na Ford ba a rayuwarsa. Na sassauta, na juya kamar kaurin farce, sai sulo ya daidaita, girgizar ta kwanta. Dattijo ya tambaye ni me aka ce a wayar, na fassara masa, ya cire hularsa ya matso kusa da wayar ya gaishe shi da Turanci. Kawu ya amsa da Hausa.

Minti goma sha biyar na bar ta tana aiki, idona a kan allurar zafi, ba ta wuce inda ya kamata ba. Akwai ɗigon ruwa a famfon hagu, sai na sake gasket. Saura wayoyin fitila, yadin rufi, gilashi da kujera, fenti kuwa sai baɗi. A watan Yuli ake babban taron tsofaffin motoci na Goodguys a nan Kolombos, kuma ina so in kai ta da ƙafarta ko da babu fenti. Kawu ya ce in kira shi ranar, in ɗora wayar a kujerar gefe.