Rigimar Talos Ta Girmi Talos Kansa

Duk wanda ya buga Skyrim, wasan da kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, ya san cewa yaƙin basasar da ke cikinsa ya rataya ne a kan tambaya guda: shin Talos abin bauta ne, ko kuwa sarki ne kawai mai suna Tiber Septim wanda mabiyansa suka kambama bayan rasuwarsa? A ƙagaggen tarihin wasan, daular 'yan Adam ta galabaita a yaƙinta da Aldmeri Dominion, daular jinsin Elf, har ta sa hannu a yarjejeniyar White-Gold a shekara ta 175 ta Zamani na Huɗu, aka haramta bautar Talos, alloli tara suka koma takwas. Yawancin masu gardama suna ɗaukar haramcin a matsayin makircin 'yan Thalmor, masu mulkin Aldmeri Dominion, na raba kan abokan gabarsu. Makircin yana nan, babu shakka, amma a ganina tushen rigimar ya girmi Talos nesa ba kusa ba.

Tushen shi ne Lorkhan, wanda ya shawo kan sauran alloli suka ƙera duniyar masu mutuwa. Jinsin Altmer, reshen Elf da 'yan Thalmor suka fito daga cikinsa, sun yi imani cewa su zuriyar waɗannan alloli ne, kuma yaudarar Lorkhan ce ta raba su da dawwama ta jefa su cikin tsufa da mutuwa. Mutanen Nord kuwa, 'yan Adam mazauna ƙasar Skyrim, suna kiransa Shor, suna girmama shi a matsayin gwarzon da ya tsaya wa 'yan Adam. Wanda ya ɗauki duniya kurkuku, kamar Altmer, ba zai taɓa yarda cewa ɗan Adam, halittar da ta fi kowa kusanci da mayaudarin, ya hau matsayin kakanninsa ba.

Sai dai marubutan wasan ba su bar rabon ya tsaya a kan 'yan Adam gefe guda, jinsin Elf gefe guda ba, kuma nan ne masu saurin yanke hukunci suke tuntuɓe. Mutanen Redguard 'yan Adam ne, amma suna kiran Lorkhan da suna Sep, ba sa kuma ganinsa da alheri. Su kuwa Dunmer, duk da kasancewarsu Elf, sun juya wa aƙidar Altmer baya tun zamanin jagoransu Veloth, suka bi wasu abubuwan bauta uku, Azura da Boethiah da Mephala, suka ɗauki wahalar duniya a matsayin jarrabawa.

Magoya bayan Talos suna da hujja mai nauyi. A wasan Oblivion na 2006, lokacin da Martin Septim, magajin sarautar daular, ya buƙaci jinin ɗaya daga cikin alloli domin buɗe hanya zuwa maɓoyar abokin gabarsa Mankar Camoran, jinin da ke jikin sulken Tiber Septim aka ɗauko daga kangon Sancre Tor, kuma ya yi aiki. Ba na jin akwai ɗan Thalmor da zai iya kau da kai daga wannan cikin sauƙi. Amma iko kaɗai bai isa ya rufe magana ba, domin wasan Morrowind na 2002 ya riga ya nuna mana Vivec da Almalexia da Sotha Sil, allolin Dunmer uku, waɗanda aka haifa masu mutuwa, suka yi amfani da kayan aikin wani maƙeri mai suna Kagrenac suka jawo iko daga Zuciyar Lorkhan, aka yi ta bauta musu shekaru dubbai. Ikonsu na gaske ne, amma na aro ne, kuma har yau ana saɓani a kan ko su ne suka kashe shugabansu Nerevar bayan yaƙin Red Mountain, domin malaman haikalinsu da makiyayan Ashlander kowa da ruwayarsa.

Bambancin da na fi ba wa muhimmanci shi ne abin da ya biyo baya. Da aka yanke alaƙar waɗannan ukun da Zuciyar, ikonsu ya ƙare, daga bisani Dunmer da kansu suka sauke su zuwa matsayin waliyyai, suka koma ga Azura da 'yan uwanta biyu, ba tare da wani ya tilasta musu ba. Talos kuwa sai da aka haɗa da yarjejeniya da 'yan sintiri masu kama mutane, kuma duk da haka a shekara ta 201 ta Zamani na Huɗu wuraren bautarsa a Skyrim suna ci gaba da warkar da cuta kamar na sauran takwas ɗin.