Daren da ciwon kan Inna ya kai mu emajansi

Wallahi har yanzu in na tuna daren nan sai jikina ya yi sanyi. Inna ta yi kusan wata guda tana fama da kai, kullum ta ɗaure goshi tamau da ɗankwali ta ce zafin rana ne kawai, a aiki yaro kemis ya sayo Panadol, in bai sauka ba a ƙara da Cafenol, mu kuma muna kallo don a gidanmu ciwon kai ba a lissafa shi cikin ciwo. Sai wata Laraba wajen ƙarfe 2 na dare ta hau amai tana cewa ganinta ya dusashe, ga shi a Gusau ba ka samun Napep a wannan lokacin, maƙwabcinmu ne Allah ya saka mishi da alheri ya fito da mota.

Nas na gama awon jini ta ɗago ta dube ni, "Yaushe rabon da a auna Hajiya?" Na yi tsit. Ba mu taɓa ba. 190 bisa 110, alhali daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini.

Da na zauna kan benci ina jiran a ƙara mata ruwan allura na lura ba mu kaɗai kai ya kawo ba. Ga wata mai tsohon ciki ƙafafu duk a kumbure, ita ma kai ne, kuma ita aka fi rawar jiki a kanta don tsoron jijjiga. Ga wani yaro an kawo shi daga ƙauye jiki zafi rau, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko fitila ba ya son gani, uban sai salati yake, kuma duk wanda ya ga sanƙarau na 2017 a Zamfara ya san abin da ke ran bawan Allahn nan. Mu duka sai da abin ya ci tura muka zo, wani kuɗin kati da na mota ya tsayar da shi, wani nisa da tsoron hanya, mu kam sakaci ne zalla.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da likita ya ce shan maganin ciwon kai kusan kullum shi kansa yana janyo wani ciwon kan. Ashe duk aiken kemis ɗin nan ƙara mata muke.

An sallame mu bayan kwana biyu. Na sayi na'urar awon jini, yanzu kullum bayan asuba Inna ke miƙo hannu ta ce, "Taho ɗan nan, matse mini mu gani."