Ba lalaci ba ne, ciwon barci ne

Ina tsaka da lissafin kuɗin atamfa a shagonmu na Babbar Kasuwar Sakkwato sai barci ya sace ni, biro a hannu. Abokan aiki suna ta tsiya wai kallon ƙwallo ke hana ni barcin dare. Likita ya ce nakolefsi ne: ƙwaƙwalwa ce ke rasa sinadarin oreksin mai riƙe mutum a farke. Shi ya sa in na fashe da dariya gwiwoyina ke sakewa, ga dannau da asuba.

Yanzu bayan azahar nakan kishingiɗa minti 20 a bayan kanta. Alhaji mai shagon ya amince, Allah shi saka mai da alheri. Tuwon rana na rage. Tuƙa babur kuwa na haƙura, Keke Napep nake shiga.