Haƙƙin mai tikiti a kan ɗan wasan snuka

A unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na Akra, duk teburin da aka shimfiɗa wa kore ko shuɗin ƙyalle aka ajiye sanda biyu a kansa, snuka muke ce masa. Yawancin waɗannan ƙananan tebura ne masu manyan ramuka. Snukar da ake gardama a kanta wajen shan ataya bayan Isha'i, wadda ake kallo a waya da kuɗin data, wata aba ce daban: teburi mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, ƙwallaye 22, ramuka matsattsu, ga alƙalin wasa da farar safar hannu. Gardamar da ba ta mutuwa ita ce, shin ƙwararren ɗan wasa yana da bashin wanda ya biya kuɗi ya zo kallonsa, ko kuwa aikinsa ya ci wasa ya karɓi ladansa ya tafi gida?

Amsata ita ce akwai bashi, amma ba shi ne wanda mutane suka fi yin hayaniya a kansa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai a fara sanin wane aski aka biya.

Mai sayen tikitin Gasar Duniya a ɗakin Crucible da ke Sheffield, inda ake yin gasar tun 1977, zama ɗaya yake saya. Ɗakin bai kai kujera dubu ba, kuma ana fara sayar da tikiti tun kusan shekara guda kafin gasar, alhali ba a haɗa manyan 'yan wasa 16 da waɗanda suka tsallake share fage sai 'yan kwanaki kafin a fara. A zagayen farko ana raba filin biyu da katanga, teburi biyu suna aiki lokaci guda, sai an kai wasan kusa da na ƙarshe ake komawa teburi ɗaya. Mutumin nan bai sayi sunan wani ɗan wasa ba, bai sayi nasarar gwaninsa ba. Abin da ya saya shi ne firem takwas ko tara (firem shi ne zubi ɗaya na wasa, daga jera ƙwallaye har a ƙare su) tsakanin mutum biyu da kowannensu yake son ya kayar da ɗan'uwansa da iya ƙarfinsa. Mu da muke Akra, zaman ƙarfe 10 na safe da na 2:30 da na 7 na dare a agogon Ingila na bazara yana zo mana ƙarfe 9 da 1:30 da 6 na yamma, kuma abin da muke ƙona data a kansa ke nan.

Shi ya sa babban cin amana a wannan wasa shi ne sayar da firem. Kuma snuka wasa ne da ɓoye wannan laifi yake da sauƙi ƙwarai. Ƙwallo faɗinta milimita 52.5, bakin ramin kuma an yanka shi ne ta yadda kuskure kaɗan zai sa ta daki leɓe ta dawo. Ƙwararre ba ya buƙatar ya zubar da ƙwallo mai sauƙi a gaban kowa. Ya isa ya ɗan ƙara ƙarfi har farar ƙwallon da ake bugawa da sanda ta wuce wurin da ya kamata ta tsaya da tafin hannu ɗaya, sai bugu na gaba ya zama mai wuya, in ya kuskure ba wanda zai zarge shi. Ko kuma a wasan tsaro, wato bugun da ake yi don a hana abokin karawa samun dama, ya taɓa jar ƙwallo da ɗan kauri, farar ta kasa komawa bangon da ke nesa da jajaye, ya bar wa abokin karawa ƙofa a buɗe. Duk waɗannan kurakurai ne da masu gaskiya ma suke yi kullum. Idon mai kallo ba zai raba su ba, shi ya sa yawanci ba a kama irin wannan a kan teburi. Ana kama shi ne daga kamfanonin caca da suka ga kuɗi mai yawa ya taru a kan wani sakamako da bai dace ba, sannan a bi saƙonnin waya da asusun banki.

A 2013 an dakatar da Stephen Lee shekara 12 kan sayar da wasanni bakwai na 2008 da 2009. A watan Yunin 2023 hukumar WPBSA mai kula da ƙwararrun 'yan snuka ta hukunta 'yan wasa goma daga ƙasar Sin: Liang Wenbo da Li Hang an kore su har abada, Yan Bingtao, wanda ya ci babbar gasar Masters a 2021, ya sha shekara biyar. Zhao Xintong bai sayar da wasansa ba, amma an same shi da hannu a cikin na wani da kuma yin caca a kan snuka, aka ba shi wata 20. Ya gama hukuncinsa, ya dawo ta share fage, ya doke Mark Williams 18 da 12 a 2025 ya zama ɗan ƙasar Sin na farko da ya ci Gasar Duniya. Ko John Higgins, da aka wanke daga zargin sayar da wasa a 2010, sai da aka dakatar da shi wata shida aka ci shi tarar fam 75,000, a cikin dalilan har da cewa an tuntuɓe shi da maganar bai kai rahoto ba. Wannan doka ta kai rahoto tana da ma'ana. Ɗan wasan da ya ji ya yi shiru ya bar masu kallo suna tafa wa abin da aka riga aka ƙulla a ɗakin otal.

Bayan wannan sai gama abin da aka fara. A nan akwai lissafi da duk mai kallo ya kamata ya iya, don ya san lokacin da sallama ta halatta. Kowace ja maki ɗaya ce, in aka bi ta da baƙa mai maki bakwai ta zama takwas. Launuka shida kuwa, rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7, jimilla 27. Saboda haka makin da ya rage a teburi shi ne yawan jajaye sau takwas, a ƙara 27. In ja uku suka rage, 51 ke nan. Wanda aka ba wa ratar 45 yana da hanya, ko da ba ya jin hannunsa a ranar. Wanda aka ba wa ratar 60 sai ya ɗaure abokin karawarsa, wato ya ɓoye masa ƙwallo a bayan wata har ya yi laifi, kuma mafi ƙarancin tarar laifi maki huɗu ne, ke nan ɗauri biyu ba su ishe shi ba, sai uku. Dokar wasa ta hana a sallama firem tun ba a kai matakin neman ɗauri ba. Wanda ya ajiye sanda alhali maki 51 suna teburi kuma ratar 45 ce, ya yanke wa mai tikiti wani ɓangare na abin da ya biya, kuma sau da yawa ɓangaren da ya fi daɗi.

Misalin da aka fi sani shi ne na Ronnie O'Sullivan a gasar UK ta 2006 a York. Wasan kusa da na kusa da na ƙarshe ne da Stephen Hendry, wanda ya fara kai firem tara shi ya ci. Hendry yana gaba 4 da 1, O'Sullivan ya kuskure ja a firem na shida, sai kawai ya miƙa hannu ya fice. Sauran zaman rana ya tafi, zaman dare ma bai yiwu ba. An ci shi tarar fam 20,800 aka kuma cire masa maki 900 na matsayi. Ya sha faɗin irin fama da yake yi da damuwar zuciya, kuma wannan ciwo ne na gaske da bai kamata a raina ba. Amma hanyar mai ciwo ita ce ya janye tun kafin a buɗe ƙofa, don masu shirya gasa su san yadda za su yi da jama'a. Wanda ya shigo fili ya karɓi tafi ya ɗauki alkawari.

Inda nake rabuwa da 'yan'uwa da yawa shi ne maganar 147, wato ɗan wasa ya share teburi a jere ba tare da kuskure ba da cikakken maki. Ja 15 kowace da baƙa, 120, a ƙara 27. O'Sullivan ya yi ta cikin minti 5 da daƙiƙa 8 a Crucible a 1997, kuma har yau ba wanda ya yi ta da sauri haka. A gasar Welsh Open ta 2016 yana karawa da Barry Pinches, ya tambayi nawa ne ladanta, aka ce fam 10,000, ya ga ya yi kaɗan. Bayan ja ta 14, yana da maki 105, ya bar baƙa ya ɗauki ruwan hoda, ya ƙare da 146. Barry Hearn, shugaban World Snooker mai shirya gasannin ƙwararru a lokacin, ya fito ya soke shi da zafi. Kafin nan ma, a 2010 a Glasgow, ya so ya bar baƙar ƙarshe yana kan 140, sai da alƙali Jan Verhaas ya lallashe shi ya jefa ta.

A duba lissafin. Mai bin ja da baƙa, in ya jefa ja ta goma yana da 73, abin da ya rage wa abokin karawa 67. Firem ya riga ya shiga aljihu tun a nan. Duk abin da ya biyo baya kyauta ce, ba gasa ba. O'Sullivan bai rage wa kowa gasa ba, bai yaudari kowa ba, a fili ya yi abinsa. Rowa ce, kuma ta yi ciwo, domin mutum yana iya shekara ashirin yana zuwa ɗakin wasa bai taɓa ganin 147 da idonsa ba, ga ta ta zo har bakin ƙofa aka mayar da ita saboda rigimar kuɗi da shi ba ya ciki. Na so da ya jefa baƙar ya kai kokensa ofis. Amma marowaci da maci amana ba ɗaki ɗaya suke kwana ba, kuma abin takaici ne a ga an fi tunawa da 146 fiye da wasanni bakwai na Lee.

Haka nan sauri. Babu ɗan wasan da mai kallo yake bin bashin ya yi ta kai hari. Mark Selby ya ci Gasar Duniya sau huɗu da wasan tsaro mai shaƙe numfashi, yana mayar da farar bango, yana tura launuka gefe, har abokin karawa ya gaji ya yi kuskure. Wannan sana'a ce, kuma wanda ya iya kallonta ya san ta fi jefa ƙwallo wuya. Firem na ƙarshe tsakanin Dennis Taylor da Steve Davis a 1985 ya ɗauki minti 68, ya wuce sha biyun dare, aka ƙare a kan baƙa, mutum miliyan 18.5 suna zaune gaban talabijin a Birtaniya. Ba wanda ya ce an ɓata masa lokaci. Abin da ya zama laifi shi ne jan ƙafa don a kashe wa abokin karawa hannu. A 2005 Peter Ebdon ya ɗauki minti biyar ya haɗa maki 12 kacal a kan O'Sullivan, ya taso daga 8 da 2 ya ci 13 da 11. Doka ta ba alƙali ikon ya gargaɗi mai ɓata lokaci, in ya sake ya ba ɗayan firem ɗin, sai dai alƙalai ba su cika amfani da ita ba. Mai son gudu zalla yana da gasar Shoot Out, firem ɗaya na minti goma, daƙiƙa 15 ga kowane bugu a rabin farko, 10 a rabi na biyu.

Akwai wata al'ada a snuka da ba ta cikin tikiti amma ita ce take riƙe da darajarsa: ɗan wasa ya faɗi laifinsa da kansa. Hannun riga ya shafi ja, ko kan sanda ya taɓa farar sau biyu, alƙali bai gani ba, kyamara ma wataƙila ba ta gani ba, mutum ya miƙe ya ce na yi laifi, ya koma kujera ya bar maki huɗu da teburi a buɗe. Wannan yana cikin bashin. A teburanmu na zango, inda babu alƙali sai 'yan layi da suke jiran wanda zai faɗi su hau, shi ne abu na farko da ya kamata yaro ya koya kafin a nuna masa yadda ake goga alli.

Dole kuma a yi wa 'yan wasan adalci ta fuskar kuɗi. Zakaran duniya yana karɓar fam 500,000, amma ƙwararru kusan 128 ne a zagayen gasannin shekara, kuma a gasa da yawa wanda ya faɗi a wasan farko ba ya samun ko kwabo, ga kuɗin jirgi da otal daga aljihunsa. Sai a 2022 aka fara lamunce wa kowane ɗayansu fam 20,000 a kakar wasa, wanda ake cirewa daga abin da ya ci. Masu sayar da firem daga irin wannan matsi ake farautarsu. Manya kuwa wasan nuni ne yake jan su. A Oktoban 2023 Luca Brecel, zakaran duniya na lokacin, da Selby da Higgins da Ali Carter da Thepchaiya Un-Nooh sun shirya zuwa wasan nuni a Makau a makon da ake gasar Northern Ireland Open a Belfast. Masu shirya zagayen suka ce hakan saɓa yarjejeniya ne, aka ɗage wasan nunin zuwa Disamba. Ɗan wasa yana da 'yancin ya zaɓi gasar da zai shiga, jikinsa ne da iyalinsa. Wanda ya buga hotonsa a jikin talla ya sayar da kujeru tun kafin ya tabbatar zai zo, shi ne zai amsa tambayar mutumin da ya biya kuɗin mota da masauki zuwa Belfast.